Kada Mu Yi Gaggawar Kiran Mace Juya

A garuruwanmu, idan amarya ta shekara biyu a ɗakinta ba ta sami ciki ba, sai magana ta fara yawo. Uwar miji ta fara gunaguni, maƙwabta su fara ƙirga watanni, daga baya wani ya kawo shawarar a ƙara aure. Kafin a kai nan, an riga an laƙaba wa matar suna: juya. Mu dai a ganinmu, ana ba da wannan suna da garaje. Da yawa daga cikin matan da ake kira haka suna iya haihuwa. Wata lalura ce take damun su, likita ya san ta, kuma akwai abin da ake yi mata.

A asibitocinmu ana kiran lalurar SOPK, wato taƙaitaccen sunanta da Faransanci. Ba sabuwa ba ce. Tun 1935 wasu likitoci biyu na ƙasar Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun mata 6 zuwa 13 cikin 100 na waɗanda suke shekarun haihuwa, kuma har 70 cikin 100 na masu ita ba a gano suna da ita ba. Ke nan a cibiyar karatu mai mata 30, ba abin mamaki ba ne a sami biyu ko uku.

Ga yadda abin yake. Kowace mace tana da jakar ƙwai biyu a cikin mara, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. Kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna, ya fito, ya bi hanya zuwa mahaifa. In ya haɗu da maniyyi, ciki ya shiga. In bai haɗu ba, haila ta zo bayan kamar mako biyu. Ga mai wannan lalura, ƙwayaye da yawa sukan fara girma tare, sai su tsaya, babu wanda ya kai ga nuna. Manomi ya san irin wannan: hatsin da ya tsiro cunkus a rami ɗaya, ba a rage shi ba, ga ganye nan amma babu zangarniyar kirki. Ƙwan yana nan, fitowa ce ba ya yi a kan lokaci.

Abu biyu ne suka fi hana shi. Jikin kowace mace yana da ɗan sinadarin da ya fi yawa ga maza. Ga mai lalurar yakan wuce kima. Shi ke sa gashi ya tsiro a haɓa ko a ƙirji, ƙuraje su cika fuska, gashin kai ya zube. Na biyu shi ne insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka. Jikin yawancin masu lalurar ba ya jin insulin sosai, sai jiki ya riƙa ƙara yawansa, shi kuma ya ƙara tayar da sinadarin maza. Daga nan ne ƙiba ke zuwa, musamman ta ciki, wani lokaci fatar wuya ko ta hammata ta yi duhu kamar datti, alhali ko an cuɗa ba ta fita. Lalurar tana bin dangi. Siririyar mace ma tana iya samun ta.

Babbar alama ita ce haila da ba ta da tsari. Wadda takan wuce kwana 35 ba ta ga jini ba, ko wadda ba ta gani sau 8 a shekara, ya kamata ta je a duba ta. To, a nan ne karatunmu zai yi rana. Tambayar farko da ungozomar asibiti take yi ita ce: yaushe kika ga jininki na ƙarshe? Mata da yawa sukan ce "wajen shuka" ko "bayan salla". Wannan amsa ba ta isa likita ya gane komai ba. Wadda ta koyi rubuta lambobi, ta ware shafi ɗaya a littafinta. Ranar da jini ya zo, ta rubuta ranar da watan. Ranar da ya ɗauke, ta rubuta. Bayan wata shida, wannan shafi zai faɗa wa likita abin da baki ba ya iya tunawa. Malaman cibiyoyin mata, ga darasin lissafi da ya fi na ƙirga buhuna amfani ga wasu ɗalibanku.

Ba kowane jinkirin haila ne wannan lalura ba. Ciki yana tsayar da jini, shayarwa ma haka, da yunwa, da ciwon maƙoƙo. Yarinyar da ba ta daɗe da fara haila ba, jininta yakan yi wasa kafin ya daidaita, don haka likita ba ya saurin yanke mata hukunci. Tun 2003 likitoci suka amince da alamomi uku: rashin tsarin haila, yawan sinadarin maza, da ƙananan ƙwayaye masu yawa da ake gani a hoton ciki, wanda ake kira ekogarafi. Sai an sami biyu daga cikin ukun, an kuma tabbatar ba wata cuta ba ce, sannan a ce ita ce.

Maganin farko yana cikin gida. Mace mai ƙiba in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, sau da yawa haila takan dawo kan tsari, har ciki ya shiga. Mai kilo 80, ragin kilo 4 zuwa 8 ke nan. Ba a ce ta zauna da yunwa ba. Ta rage sukari a shayi da fura, ta rage lemon kwalba, fanke da burodi, ta ƙara wake, zogale, rama da sauran ganye, ta kuma riƙa motsa jiki kullum. Mun san wannan magana tana da nauyi a wurinmu, inda ake ɗaukar ƙibar mace alamar miji yana kula da ita. Har akwai masu shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a faranti a kasuwa. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna tayar da sukarin jini da hawan jini. Mai wannan lalura in ta sha su, ta ƙara wa wuta itace.

Idan wannan bai isa ba, akwai magani a asibiti. Ga mai neman ciki, akwai ƙwayoyin da ke taimaka wa ƙwai ya nuna, irin su letrozole da clomifène, ana shan su kwana biyar a farkon zagayen wata. Likita ne kaɗai zai rubuta su, shi ne kuma zai bi sawu, domin suna iya jawo tagwaye ko kumburin jakar ƙwai. Akwai metformine, maganin ciwon sukari, da ake bai wa wasu. Wadda ba ta neman ciki yanzu, ƙwayar tsarin iyali tana daidaita mata haila, ta rage gashi da ƙuraje, kuma ba ta hana haihuwa bayan an daina sha. Lalurar ba ta warkewa ɗungurungum, amma ana iya riƙe ta, kuma mata da yawa masu ita sun haifi ƴaƴa.

Maza, ku ma maganar ta shafe ku. A cikin ma'auratan da ba su sami haihuwa ba, kusan rabi akwai hannun matsalar namiji a ciki. Awon maniyyi ya fi awon mace sauƙi da arha. Mijin da ya tura matarsa asibiti ita kaɗai, shi ya ƙi a auna shi, bai yi mata adalci ba. Kuɗin da ake kashewa shekara da shekaru wajen jiƙe-jiƙe da hayaƙi, da an fara da awo, da wani kaso nasa ya isa.

Ko an sami haihuwa, kada a ce an gama. Mai lalurar ta fi sauran mata haɗarin ciwon sukari, da hawan jini, musamman lokacin goyon ciki. Saboda haka ta fara awon ciki da wuri, ta gaya wa ungozoma tana da ita. Wadda kuma takan yi fiye da wata uku ba jini, ba ciki, ba shayarwa, kada ta ce ta huta. Fatar cikin mahaifa tana ta kauri ke nan, kuma in shekaru suka yi nisa a haka, tana iya zama ciwon daji. Likita yana da maganin da zai sa jinin ya zo.

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba da takarda zuwa asibitin uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Ma'auratan da suka shekara ɗaya ba ciki, su je tare. In matar ta wuce shekara 35, wata shida ya isa. Wadda hailarta ba ta da tsari kuwa, kada ta jira shekara ta cika, ta ɗauki littafinta ta tafi.