Fim ya ba ɗana gwarzo, littafin kuwa tambaya ya bar mini

Jiya da daddare na tarar da babban ɗana da abokansa sun duƙufa a kan waya suna kallon I Am Legend, fim ɗin Will Smith na 2007. Da suka gama na ce masa, "To, me ka fahimta?" Ya ce, "Baba, ai mutumin gwarzo ne, shi kaɗai ya ceci duniya." Na yi shiru, don na karanta littafin, kuma na san marubucin bai nufi haka ba.

A 2020 na fara karanta irin waɗannan littattafai, lokacin kullen korona, ofis a rufe, tituna fayau. Labarai ne na yadda rayuwa za ta kasance in annoba ko yaƙi ya share yawancin mutane, gwamnati ta rushe, ba kasuwa, ba asibiti. Kada wani ya ce tashin alƙiyama ake nufi, wannan sanin Allah ne. Daga baya na bi finafinan da aka yi daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da na lura, fim ya fi littafi iya nuna kango: birnin New York ciyawa ta cinye titi, barewa na kiwo tsakanin motoci. Amma in an zo kan tambayar da littafin ke yi wa mai karatu, nan yawancinsu ke zamewa.

Richard Matheson ya rubuta I Am Legend a 1954. A littafin, Robert Neville yana bin waɗanda cutar ta kama da rana, suna barci, yana kashe su. A ƙarshe ya gane cewa wasu daga cikinsu mutane ne masu hankali, har sun kafa tasu al'ummar, kuma shi ne dodon da suke tsoro. Ma'anar sunan littafin ke nan. A fim kuwa sai aka mai da shi likitan soja da ya samo magani, ya tayar da gurneti ya sadaukar da ransa. Masu fim ɗin sun ɗauki wani ƙarshen da ya fi kusa da na littafin, amma sai a faifan DVD aka sa shi. Kun ga an kife labarin gaba ɗaya.

World War Z ma haka. Littafin Max Brooks na 2006 hira ce da mutane daga Sin, Indiya, Isra'ila, Afirka ta Kudu da sauransu, kowa na faɗin yadda abin ya same shi. Ni ma'aikacin gwamnati, abin da ya tsaya mini a rai shi ne rahoton gargaɗi da aka rubuta aka jefa a durowa, da hukumomin da suka yi ta ɓoye gaskiya har ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Fim ɗin 2013 ya zubar da duk wannan, ya ba mu Brad Pitt yana tsalle daga wannan jirgi zuwa wancan.

Wanda ya yi adalci shi ne The Road, na Cormac McCarthy, littafin 2006 da aka yi fim ɗinsa a 2009. Uba da ɗa, ba a ko faɗi sunansu ba, suna tura keken kaya zuwa bakin teku, bindigarsu harsashi biyu kacal. Wani ɓarawo ya kwashe musu kaya, uban ya kamo shi ya tuɓe shi tsirara cikin sanyi, yaron na kuka yana roƙon a tausaya masa. Fim ɗin bai cire wannan wurin ba, bai kuma wanke uban ba. Wallahi duk uban da ya kalla sai ya tambayi kansa, ni fa da ya zan yi?

Sai dai ku duba kasuwa. World War Z ya tara sama da dala miliyan 500, The Road bai kai miliyan 30 ba. Mai zuba kuɗi ya san abin da 'yan kallo ke so: gwarzo, magani, a tashi a koma gida hankali kwance.

Me ya dame ni a ciki? Yaranmu sun fi kallo a kan karatu, kuma darasin da suke kwasa shi ne in masifa ta zo, mai bindiga shi kaɗai ne zai tsira. Mu da muka ga ambaliya, muka ga 'yan gudun hijira a garuruwanmu, mun san wanda ke ceton mutum shi ne maƙwabcin da ya raba kwanon hatsinsa biyu.

Na yi wa yaron alkawarin zan ba shi littafin Matheson, in ya gama mu sake zama. Ku fa, akwai fim ɗin da kuka ga ya riƙe amanar littafinsa?

Allah Ya kare mu daga ganin irin wannan rana.