Wa ya sayar wa talaka gadon kogi?

Duk shekara, da zarar damina ta yi nisa, ruwa ya shiga gidajen Harobanda, sai mu ji waƙa ɗaya daga bakin manya a rediyo da talabijin: wai mutane ne ke da taurin kai, wai an gargaɗe su sun ƙi ji. A kai musu shinkafa da tabarmi, a ɗauki hoto, a koma biro. Mu dai a ganinmu wannan magana zalunci ce a kan zalunci. Magidancin da ya sayi fili a Lamorde, ko Karaje, ko Kirkisoy, ko Saga, ko gefen kwarin Gunti Yena, yana cikin hankalinsa. Lissafi ya yi, da ɗan abin da aka bar masa.

Ga lissafin. Ƙidayar 1988 ta sami mutum kusan 400,000 a Yamai. Ta 2012 ta sami fiye da miliyan ɗaya. Gidajen da SONUCI ta gina ba su kai cikin cokali ba a gaban wannan taro. Banki kuwa ba ya ba da bashin gini sai ga mai takardar mallaka da albashi mai kauri. Saura me? Haya, inda mai gida ke ƙara kuɗi ran da ya ga dama, ya watso maka kaya waje ran da ɗansa zai yi aure.

Ma'aikatan gwamnati ba sa bukatar a tuna musu watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Siminti da kwano da ƙarfe suka yi tashin gwauron zabi, albashi kuma ya riƙa yin watanni bai zo ba. Daga baya, zamanin Tandja, gwamnati ta biya bashin albashin da filaye, akasarinsu can bayan gari, ba famfo, ba lantarki, ba hanya. Da yawa suka sayar wa masu kuɗi da araha don su ci abinci. Tun daga nan kowa ya gane cewa fili a Yamai haja ce, kuma mai ƙarfi ne ke kwashe tudu.

Ƙaramin ɗan kasuwa ma haka. Mai rumfa a Katako ko Babbar Kasuwa dole ya buɗe da sassafe. In ya tare a bayan gari, kuɗin tasi da kabu-kabu sun cinye ribar yini. Daga Harobanda kuwa gadar Kennedy kawai zai tsallaka. Ga kuma mai gona yana yanka gonarsa yana sayarwa, a biya da kaɗan-kaɗan, mai unguwa ya sa hannu. Ambaliya takan zo wata shekara ta ƙi zuwa wata. Kuɗin haya kuwa duk ƙarshen wata yana bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ake ɓoyewa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, kogin Isa ya janye har ya daina gudu a Yamai a 1985. Fadamu suka bushe, aka mai da su unguwanni, hukuma na kallo. Ruwa ya dawo neman gadonsa a 1998, da 2010, da 2012. Jan ruwan da Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararowa a watan Agusta ya ƙaru, saboda ƙasa ta zama faƙo, ba ta shan ruwa. A Satumba 2020 kogi ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi yana mita 6.20, ya fasa shinge ya mamaye Lamorde. Bayan ambaliyar 2012 an kai jama'a Seno. Wasu suka komo bakin kogi, domin takardar fili ba ta ciyar da iyali in sana'a tana nesa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya auna filayen nan? Wa ya buga hatimi? Wa ke karɓar haraji a unguwannin da ake kira haramtattu, ya kuma je neman ƙuri'a cikinsu? Zoben itatuwan da aka fara dasa wa Yamai a 1965, talaka ne kaɗai ya cinye shi?

Abin da muke nema a fili yake. A liƙa taswirar wuraren da ruwa ke ci a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari, kowa ya gani kafin ya biya. A gurfanar da mai sayarwa da mai sa hannu kafin a tura katafila gidan mai saye. A yanka filaye a kan tudu, a kai musu ruwa da hanya da motocin haya tun kafin a kira mutane. A buɗe bashin gini wanda malamin makaranta da mai tebur za su iya biya. Muddin ba a yi haka ba, za a ci gaba da sayen fadama, kuma alhakin kowane ɗakin da ya rufta yana wuyan masu hatimi.