Ciwon Kumburin Hanji A Yara: Ba Kowane Zawon Jini Ne Atuni Ba

Sanin kowa ne cewa a unguwanni irin su Tirkaniya, Nasarawa da Kakuri da ke kudancin birnin Kaduna, idan yaro ya fara zawo da jini, abin da akan fara cewa shi ne atuni ne ko basir, sai a nufi kemis ko wurin mai maganin gargajiya. Galibi zaton yakan zo daidai, domin gurɓataccen ruwa da abinci su ne kan gaba wajen jawo wa yara ciwon ciki. Amma akwai wasu ƙalilan da nasu ba ya jin magani. Ya lafa ya dawo wata da watanni, yaro ya rame, ya tsumbure, jininsa ya yi ƙasa. A cikin irin waɗannan ne likitoci ke neman abin da suke kira ciwon kumburin hanji.

Ciwon iri biyu ne. Akwai cutar Crohn, wadda ta ci sunan Dokta Burrill Crohn na birnin New York da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932, tana kuwa iya kama ko'ina daga baki har dubura. Akwai kuma gyambon babban hanji. Dukansu ba a ɗaukar su daga wani. Garkuwar jikin mutum ce ke wuce gona da iri ta riƙa ƙona bangon hanjinsa. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu ciwon yakan kama su ne kafin su kai shekara 20.

A 2001 masana a Faransa da Amurka suka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da cutar Crohn, watau NOD2. Daga nan zuwa yau an gano wurare fiye da 200 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke ƙara haɗarin kamuwa, ko da yake kowannensu tasirinsa kaɗan ne, sai ya haɗu da abinci da muhalli. A 2024 kuma Cibiyar Francis Crick da ke Landan ta nuna yadda wata ƙwaya mai suna ETS2 ke rura wutar kumburin.

Sha'anin ƙananan yara daban ne. Idan ciwon ya fara kafin shekara 6, musamman a jarirai, wani lokaci lahani a ƙwaya guda ɗaya tak ne sanadinsa. A 2009 masu bincike a Jamus da Ingila suka duba wasu iyalai biyu da suka yi auren zumunta, suka tarar 'ya'yansu sun gaji lahani a hanyar da jiki ke karɓar saƙon wani sinadari mai suna IL-10, wanda aikinsa shi ne kwantar da garkuwar jiki. Ɗaya daga cikin yaran da magani da tiyata suka gagara aka yi masa dashen ɓargo, ciwon ya kwanta. Wannan ya nuna cewa gwajin ƙwayar gado na iya sauya wa yaro magani baki ɗaya.

Mutanenmu ba baƙin wannan lissafi ba ne, domin irin na sikila ne. Idan uwa da uba kowa na ɗauke da lahanin a ɓoye, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon, kuma auren dangi na ƙara damar haɗuwar masu lahani iri ɗaya. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma ya kamata jama'a su sani gwajin rukunin jini na sikila ba ya nuna wannan lahani. Dashen ɓargo kuwa an fara yin sa a Nijeriya tun 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga mai sikila, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Abubuwa biyu ne suka tare hanya tsakanin wannan ilmi da yaron Tirkaniya. Na farko, mafi yawan jinin da aka yi binciken da shi na Turawa ne. Nau'o'in NOD2 da aka fi sani a Turai ba kasafai ake samun su a jikin 'yan Afirka ba, saboda haka gwajin da aka tsara domin yaron Faransa na iya kuskure namu. Shirin H3Africa da Amurka da Birtaniya suka ɗauki nauyi daga 2010 ya horar da masana a nahiyar, amma giɓin bai cike ba.

Na biyu shi ne gane ciwon tun da farko. Tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn ƙwarai, alhali maganin Crohn yana danne garkuwar jiki ne. Idan aka ba mai tarin fuka shi bisa kuskure, sai cutarsa ta yi ƙamari. Rarrabe su na buƙatar gwajin bayan gida da na jini, da na'urar leƙa hanji, da gutsuro ɗan nama a duba. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, balle ƙwararren likitan hanjin yara.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ta umarci ƙananan asibitoci da su tura duk yaron da zawonsa ya wuce mako biyu duk da shan magani, ko jaririn da ke da ƙurji mai ruwa a dubura, zuwa babban asibiti kamar na Gwamna Awan da ke Kakuri, daga nan zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Waɗannan asibitoci biyu kuma su buɗe rajista ɗaya ta yaran da aka tabbatar suna da ciwon, su adana samfurin jininsu da yardar iyaye. Ɗaliban likitanci da na kimiyyar halitta na iya fara nasu binciken daga wannan rajista, iyaye kuwa su daina sauya kemis idan zawon yaro ya ƙi tsayawa.