Gishiri da manda a gaban mai karɓar haraji

Akwai wani ƙorafi da ƙwararru ke yawan yi a Amurka. Lauya ya tsara wa likitan haƙori takardun sayen gida, likitan kuma ya gyara wa 'yar lauyan haƙora, ko dala ɗaya ba ta shiga aljihun kowa ba. To me ya kawo hukumar haraji ta IRS cikin zumuncinsu? Ƙorafin yana da daɗin ji, amma ba shi da tushe.

Sashe na 61 na kundin harajin ƙasar ya ɗauki duk abin da mutum ya samu, ko daga ina ya fito, a matsayin kuɗin shiga. A 1979 hukumar ta fayyace batun da misalin lauyan da ya yi wa mai fenti aiki, shi kuma ya shafe masa gida: kowannensu zai bayyana darajar abin da ya karɓa bisa farashin kasuwa, ya biya haraji a kai.

Masu ƙorafin sukan fake da kara. Gaskiya ne likitoci sun daɗe suna duba junansu da iyalan juna kyauta ko da rangwame. Al'adar tana cikin ƙa'idojin ƙungiyar likitocin Amurka tun 1847. Gaskiya ne kuma doka ba ta ɗora wa wanda aka yi wa kyauta harajin kuɗin shiga. Sai dai laƙaba wa abu sunan kyauta ba ya mayar da shi kyauta. A 1960 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan Duberstein, ɗan kasuwar da aka ba mota Cadillac bayan ya nuna wa wani kamfani inda zai samu masu saye. Ya ce kyauta ce. Kotu ta tabbatar cewa ladan aiki ne, domin abin dubawa shi ne niyyar mai bayarwa. (Kamfanin ma ya riga ya rubuta motar cikin kuɗin da ya kashe kan kasuwanci.)

Saboda haka tambayar ba ta da wuya: idan lauya ya fara karɓar kuɗinsa cif, likitan zai ci gaba da duba 'yarsa kyauta? In zai daina, to cinikin ba ni gishiri in ba ka manda ne aka sa wa rigar mutunci.

Kuma wani ne ke ɗaukar nauyin. Ma'aikaciyar jinya da ke asibitin ba ta da aikin da za ta musanya da lauya. Ana cire mata haraji tun albashi bai iso hannunta ba, da ragowar take biyan lauya da likitan haƙori cikakken farashi.