Tsukewar hanyar fitsari: Wane magani ne ya fi ɗorewa?

Shawarar da manyan ƙungiyoyin likitocin mafitsara ke bayarwa game da tsukewar hanyar fitsari ta sauya a 'yan shekarun nan, sai dai har yanzu sauyin bai kai ga akasarin marasa lafiya a ƙasashe masu tasowa ba.

Cutar dai ta fi kama maza, kuma tana faruwa ne idan tabo ya matse bututun da fitsari ke bi daga mafitsara zuwa waje. Fitsarin ya kan riƙa fita da ƙyar, wani lokaci ya tsaya cik, kuma idan aka yi sakaci ƙoda na iya lalacewa.

A ƙasashen Turai da Amurka, robar fitsari da kayan aikin tiyata da ake zurawa ta hanyar na cikin manyan musabbabanta. A Afirka kuwa, ciwon sanyi da ba a magance shi da kyau ba, da karayar ƙugu a haɗarin mota, na taka muhimmiyar rawa.

Sauƙi na ɗan lokaci

Hanya mafi daɗewa ita ce ta buɗa wurin da ya tsuke da sandunan ƙarfe ko na roba. A 1974 kuma wani likitan Jamus, Hans Sachse, ya bayyana dabarar tsaga tabon daga ciki da ƙaramar wuƙa. Dukkansu biyu ba su da tsada, kuma majiyyaci kan koma gida da wuri.

To sai dai tabon ya kan dawo. Wani bincike da aka gudanar kan maza 210 a asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 1997, ya nuna cewa hanyoyin biyu ba su fi juna ba, kuma amfaninsu na raguwa gwargwadon tsawon tabon. A 1998 likitocin suka ƙara da cewa maimaita aikin karo na uku kusan ba ya da wani amfani mai ɗorewa.

Wannan ne ya sa a 2016 Ƙungiyar Likitocin Mafitsara ta Amurka ta ba da shawarar cewa idan tsukewar ta dawo, a yi wa majiyyaci tayin babbar tiyatar gyara bututun maimakon a yi ta maimaita buɗawa. A irin wannan tiyata akan yanke wurin da ya lalace a haɗa bakin biyu, ko kuma a yi faci da fatar cikin kunci.

Wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, ya gano cewa tsagawa da babbar tiyata duk suna kawo sauƙi, amma waɗanda aka yi wa babbar tiyatar ba su cika buƙatar sake komawa ɗakin tiyata ba.

Ƙarancin ƙwararru

A 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Optilume, wata 'yar balan-balan mai ɗauke da magani da ke buɗa hanyar tare da rage dawowar tabo. Ana amfani da ita ne ga gajeriyar tsukewa, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Babbar matsalar Afirka dai ba ta rashin sababbin na'urori ba ce, ta ƙarancin ƙwararru ce. Fatar kunci a jikin majiyyacin take, abin da ake buƙata shi ne hannun da ya goge.

A Najeriya wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, na yin wannan aiki. Amma a ƙasar da akasarin jama'a ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsu, da yawa kan zaɓi buɗawa mai araha, wasu kuma su shafe watanni da roba a mara suna jiran layi.

Muddin ba a horar da ƙarin likitoci ba, aka kuma shigar da tiyatar cikin inshorar lafiyar da talaka zai iya samu, maganin da ya fi araha a yau zai ci gaba da zama mafi tsada ga majiyyaci daga baya.