Tsohuwar Mota da Baƙin Mai: Kauri Ba Shi Ne Magani Ba

Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya san hukuncin da akan yanke wa motar da ta kwana biyu. Da zarar ta fara hayaƙi, ko injinta ya soma kuka da sassafe, sai a dubi mai ita a ce, "Alhaji, tsufa ne, sai dai a ba ta mai kauri." Wannan shawara ta zama ruwan dare, har an daina tambayar dalilinta. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ga akasarin tsofaffin motocin da ke bisa titi a yau, tana iya gaggauta mutuwar injin da ake son ceto. Ga direban tasi, ko makarantar da bas ɗaya ta mallaka, bugawar inji ba ƙaramar musiba ba ce.

Kafin a yi gardama a kan kauri, ya kamata a san aikin da baƙin mai ke yi. A injin da ke juyi 3,000 a minti, karanshaf na kewayawa sau 50 a kowace daƙiƙa a cikin metal ɗin da ke riƙe da shi. Ratar da ke tsakaninsu ba ta cika wuce kaurin silin gashi ba, kuma a inda nauyi ya fi dannawa, shimfiɗar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe takan yi siriri fiye da faɗin jar ƙwayar jini guda. Ɗalibin ilmin halittu ba zai yi mamaki ba, domin haka gwiwarsa take: ruwa ne mai yauƙi ke hana guringuntsi cin guringuntsi. Ban da rage gogayya, man yana kwashe zafi daga ƙasan fistin, yana ɗauke datti zuwa filta kamar yadda jini ke kai dattinsa ga ƙoda, yana kuma kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa. Duk waɗannan ayyuka sun dogara ne ga gudanar man. Man da bai isa wurin aiki da wuri ba, kaurinsa bai amfana wa kowa komai ba.

Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 da 20W-50, tsari ne na ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, wato SAE, wadda ta fara rarraba mai bisa kaurinsa tun 1911. Lambar da ke tare da harafin W tana nuna yadda man zai gudana cikin sanyi. Ƙaramar lamba, saurin gudana. Lamba ta biyu kuwa kaurinsa ce a zafin digiri 100. A wannan zafi, mai lamba 30 ya ninka ruwan randa kauri kamar sau 9 zuwa 12, mai lamba 50 kuwa sau 16 zuwa 22. Malami na iya nuna wa ɗalibansa tushen al'amarin ba tare da ɗakin gwaji ba: man shanun da ya yi barci da asubar hunturu, shi ne ke malala da azahar. Abin da masu haɗa mai suka yi tun shekarun 1950 shi ne ƙara wasu sinadarai masu dogayen sarƙoƙi da ke rage wa man saurin tsinkewa idan ya ji wuta, har galan ɗaya ya yi aikin safe da na rana.

To, ina gaskiyar bakanike take? Idan inji ya ci kilomita dubu ɗaruruwa, ratar metal takan buɗe, ringi su saki, robobin bawul su bushe su taurare. Sai mai ya riƙa zurarewa ta gefe, ƙarfin tunkuɗarsa ya ragu, wani kuma ya haura inda wuta take ya ƙone, ya fito ta salansa da shuɗin hayaƙi. Mai kauri yakan cike ratar, ƙara ta lafa, hayaƙi ya ragu. A zamanin Peugeot 504, wadda aka fito da ita a 1968, aka kuma harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna daga 1975, wannan dabara ta yi daidai, domin injunan wancan lokaci dama sun saba da mai irin 20W-50. A hannun waɗannan motoci manyan kanikawa da yawa suka koyi sana'a, su kuma suka koya wa yaransu.

Sai dai tsohuwar mota ta yau ba 504 ba ce. Galibi Corolla ce ko Accord ta farkon shekarun 2000, wadda ta gama hidima a Amurka ko Turai kafin ta sauka a Kwatano ko Legas. Littafin Corolla ta 2005 da aka sayar a Amurka 5W-30 ya ambata, na Accord ta 2003 kuwa 5W-20. Irin waɗannan injuna suna da ƙananan hanyoyin mai, kuma da ƙarfin man suke sarrafa lokacin buɗewar bawul. A zuba musu mai lamba 50, sai famfo ya sha wahalar tura shi, ya yi jinkirin isa saman inji a daƙiƙun farko bayan tayarwa, ya kuma ƙara shan fetur. Shirun da ake ji bayan juye ba shaidar lafiya ba ne. Mai kauri yana danne ƙara ne kamar yadda maganin ciwon kai ke danne alamar hawan jini.

Hujja ta biyu da akan kawo ita ce zafin ƙasa. Lallai Sakkwato na wuce digiri 40 a watan Afrilu, amma inji ya fi kama da akuya bisa ga ƙadangare. Yana da lagireto da fanka da tamostat da ke tsare zafin ruwansa a wajen digiri 90, ko a Jos yake ko a Maiduguri. Zafin bazara da cunkoson hanya suna ƙara wa man ɗumi, amma ba su kai a tsallake mataki biyu na kauri ba. Abin takaici shi ne, sau da yawa wanda ya ba da shawarar mai kauri shi ne ya cire tamostat ɗin ya jefar, alhali injin da ke aiki da sanyi yana tara raɓa da guntun fetur a cikin mansa.

Matakin da hankali zai ɗauka shi ne a fara da abin da littafin mota ya ce, komai yawan tafiyar da ta yi. Idan inji ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba dalilin canzawa. Idan geji ya nuna yana raguwa sosai tsakanin juye da juye, ko fitilar mai na ƙyaftawa a tsaye bayan inji ya yi zafi, to a hau mataki ɗaya kawai, alal misali daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, tare da sanin cewa jinkirta gyara aka yi. Akwai kuma man da ake haɗawa musamman don motocin da suka wuce mil 75,000, wato kimanin kilomita 120,000, wanda ke ɗauke da sinadarin tausasa robobin da suka bushe. Yakan rage ɗigar mai, amma ba ya ɗinke robar da ta yage. A nan ma sai a kula: agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, don haka 150,000 a fuskarsa ta haura kilomita 240,000.

Abin da ya fi kauri muhimmanci, kuma ba a cika duba shi ba, shi ne haruffan API da ke bayan galan. Ga injin fetur suna farawa da S, kuma harafi na biyu yana gaba ne da zamani: SL ta 2001, SM ta 2004, SN ta 2010, SP ta 2020. Mai alamar SA ba shi da sinadaran kariya ko kaɗan, kuma cibiyar API kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Man da ake aunawa daga ganga zuwa kwalba a bakin titi kuwa ba ya da wata alama sam, kuma kaurinsa a tsakanin yatsu ba ya nuna ko sabo ne ko tsohon da aka tace. Araha ba ta ado. Haka nan ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri, tana cin ringi fiye da yadda kowane mai zai iya karewa. Saboda haka tsabtar filtar iska, da yin juye kowane kilomita 5,000 ko kusa da haka tare da sabuwar filtar mai, sun fi wa tsohon inji amfani bisa ga kowace lamba.

Saura man da aka juye. Wannan baƙin ruwa yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da ragowar ƙuna, dangin sinadaran da ke cikin kunkunniya, wadda likitan Ingila Percivall Pott ya danganta da ciwon dajin fata a jikin masu share bututun hayaƙi tun 1775. Duk da haka akan ga yaran gareji suna yini da shi har gwiwar hannu, akan shafa wa dabba mai ƙazwa, akan kuma kwarara shi a kwata inda zai tsiyaya zuwa rijiyoyin unguwa. Wurinsa shi ne jarka mai murfi, nesa da abinci da ruwan sha, hannun da ya taɓa shi kuma a wanke da sabulu, ba da fetur ba.