Yadda sankara ke wawure ƙashi ta zuba a jini: Haɗarin da ba a cika lura da shi ba

A duk ranar 4 ga Fabrairu, Ranar Yaƙi da Sankara ta Duniya, jawaban jami'ai kan karkata ga na'urorin gashi da tsadar magani. Ba kasafai ake ambaton hauhawar sinadarin kalsiyam a jini ba, alhali tana samun kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu ciwon daji a wani mataki na jinyarsu, kuma tana iya kisa tun kafin ciwon ya kai ga haka.

Ƙashi rumbu ne. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake ajiye. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki dare da rana: masu rushe tsohon ƙashi, wato ostiyokilas, da magina, wato ostiyobilas. Idan aikinsu ya daidaita, ana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi a shekara, jini kuma ya tsaya tsakanin miligiram 8.5 da 10.5 a kowace desilita.

Sankara na ɓata wannan daidaito ta manyan hanyoyi biyu. A kusan kashi 80 cikin 100 na masu matsalar, ƙarin na fitar da sinadarin PTHrP, wanda aka gano a 1987. Yana ingiza masu rusau su ninka aiki, sannan ya hana ƙoda zubar da rarar kalsiyam a fitsari, ko da ciwon bai taɓa ƙashi ba. Hanya ta biyu, ciwon ya yaɗu cikin ƙashin kansa, kamar yadda sankarar mama da ta ɓargo kan yi. Ƙashin da aka rushe yana sakin sinadaran da ke ciyar da ƙarin, ƙarin ya ƙara tunzura masu rusau. A sankarar ɓargo har magina ake danne wa. Dukkan ɗan kasuwa ya san makomar shagon da ake ɗiba ba a mayarwa.

Sakamakon shi ne ƙashi mai rauni da jini mai guba. Majiyyaci na fama da ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, kasala da ruɗewa. A ƙasarmu, inda akasarin masu sankara ke isa asibiti a makare, ana iya ɗaukar ƙishirwar a matsayin ciwon suga, ruɗewar a matsayin taɓin iska, karayar da ta zo ba tare da wata faɗuwa ba kuma a kai ta wurin mai ɗori. Zafin bazara na ƙara busar da jiki. Wani ma kan sayi ƙwayar kalsiyam a kemis don ciwon ƙashi, ya ƙara wa wuta fetur.

Abin takaici, ganowa ba ta da wahala: gwajin jini ne da ɗakunan gwaji da dama ke yi. Magani kuma sananne ne: ƙarin ruwa, sai allurar zoledironik asid ko denosumab, masu taka wa masu rusau birki cikin 'yan kwanaki, kafin a tunkari ciwon da ya haddasa.

Saboda haka akwai aiki a gaban cibiyar NICRAT, wadda dokar 2017 ta kafa, da hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda dokar 2022 ta wajabta inshora a ƙarƙashinta. Ya kamata gwajin kalsiyam ya zama tilas ga duk mai sankara da ya fara ruɗewa, magungunan nan kuma su samu a manyan asibitocin jihohi a farashin da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya. Iyalai kuwa, idan mai jinyarsu ya soma yawan shan ruwa da sambatu, su garzaya asibiti a ranar, su nemi a auna kalsiyam.